Sigarin lantarki ya fara ƙauri da yoyo: me zan canza, kuma da gaske ya fi taba araha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina shan taba, kara goma nake sha a rana. Wani abokina ya ce in koma sigarin lantarki, wai ya fi sauƙin illa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Na sayi ɗaya, amma ba a yi sati biyu ba ya fara ɗanɗanon ƙauri, ga ruwan yana yi mini yoyo a aljihu. Me ya kamata in riƙa canzawa, yaushe, kuma da gaske kuɗin da nake kashewa zai ragu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka ba ta lalace ba, kada ka yar da ita. Koyil ne ya ƙone, wato 'yar wayar da ke zafafa ruwan, kuma da ma abu ne mai ƙarewa da ake canzawa. Yoyon ma yana da magani. Batun kuɗi kuwa, abokin naka rabin gaskiya ya faɗa maka. A ƙasar da taba ke da tsada lissafinsa daidai ne, amma a nan gida Najeriya sai an zauna da biro da takarda, domin akwai wanda kuɗinsa zai ragu, akwai wanda nasa zai ninka. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma ina zama da masu son rabuwa da taba, don haka bari mu fara da gyara, lissafi ya biyo baya.

Tun da wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya fito da irin wannan sigari a 2003, siffarsa ta yi ta canzawa, amma cikin na yanzu abu huɗu ne: batir, tanki, ruwa, koyil. Koyil siririyar waya ce, ko 'yar ragar ƙarfe, da aka haɗa da auduga. Audugar ta tsotso ruwa daga tanki, batir ya zafafa wayar, ruwa ya zama tururi, kai kuma ka zuƙa. Idan ka taɓa kunna risho ka san halin lagwani: muddin yana jiƙe, kananzir ne ke ci, da zarar ya bushe, shi kansa zai kama ci, ya yi baƙi, ya cika ɗaki da ƙauri. Audugar koyil haka take, sai dai ita ba a datse bakinta a ci gaba da aiki. Ta ƙone sau ɗaya, ta tafi ke nan.

Koyil yakan kai sati ɗaya zuwa biyu, mai lallaɓawa ya kai uku ko fiye. Naka da ya kusa sati biyu bai yi laifi ba. Amma yawancin waɗanda ke mutuwa da wuri, tun ranar farko ake kashe su. Mutum ya ɗaura sabo, ya cika tanki, ya danna nan take, alhali audugar tana bushe ƙamas. Zuƙa ɗaya ta isa ta babbake ta. Abin yi shi ne, idan ka fito da shi daga leda ka duba jikinsa, za ka ga 'yan ramuka da farar auduga ke leƙowa. Ka ɗiga ruwan ɗigo ɗaya-ɗaya a kowane rami har farin nan ya jiƙe ya sauya launi, ka ƙara ɗigo biyu ta sama, ka ɗaura, ka cika tanki, ka ajiye shi a tsaye minti biyar zuwa goma. Idan irin ƙaramin nan ne mai kwanson roba wanda koyil ke manne a cikinsa, babu inda za ka ɗiga; cikawa za ka yi ka jira minti goma cur. Haƙurin minti goman nan shi ne mafi arhar gyaran da zan iya ba ka.

Sannan ka kai koyil ɗin haske, akwai lambobi ƙanana a jikinsa. Ɗaya da om ake auna ta, kamar 0.8 ko 1.2, ɗaya kuma da wat, kamar 12 zuwa 16, wato iyakar wutar da yake ɗauka. Idan na'urarka tana da wurin ƙara wuta da ragewa, ka fara daga ƙasan wannan iyaka, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka ji ya yi maka. Kada ka wuce lambar sama, ko da wani ya ce maka haka ya fi hayaƙi.

Akwai kuma salon zuƙa, wanda shi ne ke ba duk sabon shiga wahala. Mai taba ya saba da zuƙa gajera mai ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, domin karan yana ci ko ya sha ko bai sha ba. Wannan kuwa ba ya gudu. A hankali ake jansa, daƙiƙa uku ko huɗu, a ba shi wajen rabin minti auduga ta sake jiƙewa. Idan ka jera masa zuƙa ba hutu, auduga ta bushe ta ƙone. Idan ka ja shi da ƙarfi, ruwa ya malale cikin bututu, ka ji yana gurguri kamar shisha, wani lokaci har ya feso maka ruwa a harshe. Haka nan kada ka bari ruwan tanki ya yi ƙasa da ramukan audugar nan kafin ka ƙara.

Abu na ƙarshe da ke cinye koyil shi ne zaƙi. Ruwan da aka cika wa abin zaƙi, irin su mangwaro da kankana da alawa da madara, yana barin wani baƙin danƙo a jikin wayar, ya daskare, ya hana ruwa isa. Mutum biyu za su sayi koyil iri ɗaya rana ɗaya, mai ruwa mai zaƙi ya canza nasa cikin kwanaki, mai ruwan na'a-na'a ko ɗanɗanon taba ya kai sati biyu da nasa. Alamar lokaci ya yi ba ta ɓuya: ɗanɗano ya dusashe, tururi ya ragu, ruwan tanki ya fara yin duhu, daga nan ƙauri. Idan ƙaurin ya zo kada ka daure don tattali. Ruwan nan idan ya yi zafi fiye da kima a kan busasshiyar auduga, yana rikiɗewa ya fitar da sinadarai masu guba irin su fomaldihaid da akrolin, waɗanda suna cikin abubuwan da kake gudu a hayaƙin taba. Kuma wanke koyil ba ya dawo da audugar da ta ƙone.

Yoyo kuma, a ƙasarmu babban mai laifi zafi ne. A jikin kwalbar ruwan za ka ga an rubuta PG da VG da lambobi, wato ruwa iri biyu da aka haɗa da kason kowanne. VG giliserin ne, mai kauri. PG tsinkakke ne, shi ke ɗauko ɗanɗano da ɗan kartar maƙogwaro. A watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ruwan yana tsinkewa ya fi ƙarfin auduga, ya zubo ta ramin iska. Ka bar shi a mota cikin rana awa ɗaya ka gani. Da sanyin hunturu kuma akasin haka ne: da asuba ruwa mai yawan VG ya yi kauri, ba ya ratsa auduga da sauri, sai ka ji ƙauri a zuƙar farko. Ka ɗumama shi a tafin hannu kaɗan kafin ka fara. Ƙananan na'urori ruwan 50/50 suke so. Na 70/30, wato VG 70 PG 30, na manyan koyil ne masu faɗin rami. Idan ka zuba shi a ƙaramar na'ura koyil zai ƙone, idan ka zuba tsinkakke a babba zai yi yoyo.

Sauran dalilan yoyo hannu ne ke kawo su. Cika tanki maƙil ba a bar 'yar iska a sama ba, zuba ruwa cikin bututun tsakiya bisa kuskure, barin na'ura a kwance a aljihu ko ƙarƙashin matashi, da ɗaure tanki tamau har 'yan zobban robar nan su murɗe. Waɗannan zobba su ke tare ruwa, kuma galibi ana sako ragowarsu a kwalin na'urar, don haka kada ka yar da 'yar ledar. Idan ka ga ɗaya ya tsage ko ya baje, ka ciro shi da tsinken sakace ka sa sabo. Kwanson roba kuwa ba a gyara shi. Ya fara zuba ta gindi, canza shi za ka yi.

Wanki ba shi da wahala. Duk lokacin da za ka canza koyil, ka warware tankin, ka ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka haɗa. Ba a sa batir ko koyil a ruwa. Inda tanki ke haɗuwa da batir akwai 'yan ƙarafa masu sheƙi, gumi yana taruwa a wurin, ka riƙa goge su da tishu ko audugar kunne kowane kwana biyu. Idan na'urarka irin mai kamawa da kanta ce da zarar an zuƙa, wannan gumin ne ke shiga ya sa ta ƙi kamawa, ko ta riƙa kamawa ita kaɗai, kuma mutane da yawa sun yar da lafiyayyar na'ura saboda shi. Lokacin hazo ka ƙara kula da baki da ramin caji, domin ƙura da ɓurɓushin aljihu suna toshe su.

Batir shi ne wurin da ba na son wasa, domin koyil kuɗi kawai yake ci, batir kuwa yana ƙona cinya da fuska. Na lithiyom ne irin na waya, kuma ba ya son zafi. Kada ka kwana da shi a caji, kada ka yi masa caji a kan katifa ko cikin rana. Na san halin wutarmu ne ke sa mutane kai kaya shagon mai caji, amma ka dubi yadda wurin yake: rumfar kwano, janareta yana ruri, wayoyi jibge a kan juna tun safe har magariba. Wannan ba wurin ajiye sigarin lantarki ba ne. Fawabank a gida, a gaban idonka, ka zare idan ya cika, ya fi maka. Idan naka mai batir ɗin cirewa ne, irin wanda ake kira 18650, kada ka taɓa jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, wuta ce. Ledar jikinsa ta yage ko kaɗan, ka daina amfani da shi sai an sake masa riga. Kuma batir na gaskiya mai wannan girma bai cika wuce 3,500 mAh ba (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa), don haka wanda ka ga an rubuta masa 9,900 jabu ne, ko nawa aka sayar maka. Duk na'urar da ta kumbura, ko take zafi ba a taɓa ta ba, ta gama aiki. Idan tafiyar jirgi ta kama, a jakar hannu ake riƙe ta, ba a cikin akwatin da ake awo ba, kuma ka binciki dokar inda za ka, domin Indiya, alal misali, ta haramta sayar da shi da shigo da shi tun 2019.

Ruwan kansa ka ajiye shi a inuwa, a rufe, domin haske da zafi suna ɓata nikotin, ruwan ya yi duhu ya koma yaji. Mafi muhimmanci, ka sa shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Kwalba mai mililita 10 ta ruwa mai ƙarfin miligiram 20 a kowace mililita tana ɗauke da miligiram 200 na nikotin, alhali kara ɗaya na taba miligiram ɗaya zuwa biyu yake shigar wa jiki. Ga shi da ƙamshin alawa. Yaro ya kurɓa, asibiti za a nufa a guje, ba a tsaya ba shi manja ko madara ba. Kuma kada ka yarda da ruwan da aka ɗura a kwalba marar suna, ko wanda wani ya ce ya ƙara masa wani abu. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutane fiye da 2,800 aka kwantar a asibiti da mummunan ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma bincike ya kai ga wani maiƙon bitamin E da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya jure maiƙo.

To, mu zo ga kuɗi. Maganar cewa sigarin lantarki ya fi araha daga ƙasashe irin su Ingila ta taso, inda kwalin kara ashirin ya haura fam 14, kuma mafi yawan kuɗin haraji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na farashin taba, Najeriya kuwa tana can ƙasa da haka nesa. Ga kuma babbar masana'antar taba a Ibadan. Kayan sigarin lantarki su kuma kusan duka daga Shenzhen ta ƙasar Sin suke fitowa, da dala ake sayo su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, koyil da ruwa suka bi ta. Wato a can an bar abu mai tsada an koma mai araha, a nan an bar na gida mai araha an koma na waje.

Tunda farashi ba ya tsayawa, ka bar naira, ka yi lissafin da kwali. Kara goma a rana rabin kwali ne, kwali 15 a wata, wajen 182 a shekara. Idan kara-kara kake saye wurin mai tireda, duk da dokar taba ta 2015 ta hana irin wannan ciniki, ka san ya fi sayen kwali tsada, ka ƙara da wanda abokai ke karɓa, da ashana, da cingam na kashe wari. Wannan shi ne ɓangaren da za ka bari. Ɓangaren da za ka shiga kuwa: da ƙaramar na'ura, mai shan kamar naka yakan ƙarar da mililita biyu zuwa uku a rana, wato kwalba biyu zuwa uku masu mililita 30 a wata, da koyil biyu zuwa huɗu. Ka je shago ka tambayi kuɗin kwalba ɗaya da koyil ɗaya, ka mayar da su kwali. Mu ƙaddara kwalba ta yi kuɗin kwali huɗu, koyil na kwali biyu. Mai lallaɓawa da ya sha kwalba biyu ya canza koyil biyu ya kashe kwali 12, ya tsira da uku, waɗanda su ne za su biya kuɗin na'urar a hankali. Wanda ya sha kwalba uku ya ƙona koyil huɗu ya kashe kwali 20, ya fi lokacin da yake shan taba da biyar. Na'ura ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, bambancin hannu ne. Mai shan kwali guda ko fiye a rana shi ne lissafin ke yi wa daɗi. Kai mai rabin kwali a bakin iyaka kake.

Abu biyu ne ke rusa lissafin gaba ɗaya. Na farko manyan na'urori masu cika ɗaki da tururi, masu aiki da wat 50 zuwa sama. Waɗannan suna iya shanye mililita 10 a rana, kuma na masu nishaɗi ne, ba na mai neman barin taba ba. Na biyu waɗanda ake sha a yar. Su ne suka fi araha a ranar saye, su ne suka fi tsada a ƙarshen wata, domin duk sayen da ka yi ka sayi sabon batir ka jefar. Dubban zuƙar da ake rubutawa a kwalinsu ma da gajerar zuƙa ake ƙirga su, ba irin ta mutum ba. Birtaniya ta hana sayar da su daga 1 ga Yunin 2025. Kafin ka sake sayen kowace na'ura kuma, ka tabbatar ana samun koyil ɗinta a garinku, a shago fiye da ɗaya, domin kowane kamfani da nasa, ba sa shiga na juna. Ka kankare lambar tantancewa da ke jikin kwali ka duba ta a shafin kamfanin, jabu ya yi yawa.

Batun sauƙin illa, ga inda magana ta tsaya. Babbar ɓarnar taba daga ƙonewa take, hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki masu kawo cutar kansa. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, don haka gubarsa ta yi ƙasa sosai, amma ba iska mai tsabta ba ce, kuma wanda bai taɓa shan taba ba ba shi da dalilin taɓa shi. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2019, an raba mutum 886 masu son daina taba gida biyu, dukkansu kuma ana zama da su ana ba su shawara. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki ba su koma taba ba, a ɓangaren masu filastar liƙawa a fata da cingam na nikotin kuwa kashi 9.9 ne. Sai dai cikin waɗanda suka daina da sigarin lantarki, kashi 80 suna nan suna zuƙarsa. Ka sa wannan a lissafinka: kuɗin koyil da ruwa ba na wata uku ba ne, sai fa idan kai ka yanka masa rana.

Abin da na fi gani, kuma na fi ƙi, shi ne haɗa biyun: na lantarki a ofis da mota, taba bayan cin abinci da dare. Mai yin haka yana biyan kuɗi biyu, kuma ko kara ɗaya a rana yana ɗauke da kaso mai tsoka na haɗarin ciwon zuciya. Yawanci dalilin shi ne an fara da ruwa mai raunin nikotin, ƙwalama ba ta kwanta ba, sai mutum ya yi ta zuƙa yana ƙona koyil, daga baya ya nemi ashana. Ga mai kara goma, miligiram 10 zuwa 12 mafari ne mai kyau. Idan har yanzu kana ɗokin taba ka haura zuwa 18 ko 20, idan kana jin jiri, tashin zuciya ko bugun ƙirji ka sauko. Ka sa ranar da za ka daina taba kwata-kwata, ka fitar da ita daga gida da mota. Idan ka yi wata biyu ko uku ba ka taɓa kara ba, ka fara sauka daga 12 zuwa 6, zuwa 3, kowane mataki ka ba shi makonni, kana lura kada yawan ruwan da kake sha ya ninka don cike giɓi.

Idan kuma ka yi lissafin kwalin nan ka ga bai fita ba, ba shi kaɗai ne hanya ba. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 kan daina taba, filasta da cingam na nikotin, da ƙwayoyin bareniklin, bufurofiyon da sitisin su ta ba da shawarar a yi amfani da su, tare da zama da ma'aikacin lafiya. Su watanni kaɗan ake yi a gama. Ƙwayoyin sai da takardar likita, kuma idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, ka faɗa masa tun kafin ya rubuta.